Babi na Biyar: Motsa Jiki da Girman Yaro Tsakanin Birni da Ƙauye

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a makarantar ƙauye, sa'an nan aka yi masa canji zuwa ta birni, ya san wani abu wanda ido yake gani tun kafin a kawo ma'auni: idan aka jera yara 'yan shekara goma, na nan da na can, galibi sai a tarar ɗan birni ya ɗara tsawo, ya kuma fi cikar jiki, alhali kuwa in aka ce su yi tsere daga bakin makaranta zuwa bayan gari, ɗan ƙauyen nan siriri shi zai riga isa, numfashinsa a kwance, ya bar ɗan'uwansa a baya yana haki. Mutane sukan ɗauki rabin wannan gani su gina hukunci a kansa. Masu duban tsawo su ce wahala ce ta tsumbure ɗan ƙauye, saboda haka a raba yaro da gudu da tsalle; masu duban juriya kuwa su ce hutu ne ya lalata ɗan birni, saboda haka aiki shi ne maganin kome. Kowane ɓangare yana da ɗan abin riƙewa, amma mas'alar ba za ta warwaru ba sai an raba tsakanin tsawon jiki da ingancinsa, domin sababin wannan daban ne da sababin wancan.

Bari mu fara da tsawo. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa dogayen ƙasusuwan yaro, irin na cinya da na ƙwauri da na damtse, wani siririn faifai na guringuntsi kusa da kowane kai, wanda shi ne masaƙar tsawo, domin a nan ne sabon guringuntsi yake tsirowa ta gefe ɗaya, yana daskarewa ya zama ƙashi ta ɗaya gefen, har ƙafa ta miƙe a hankali ba tare da mai ita ya ji ba. Abin da ke ba wannan faifai umarni shi ne sinadarin girma, wanda wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take zubawa cikin jini, mafi yawansa kuwa cikin barci mai nauyi na farkon dare. Idan balaga ta gabato sai tsawo ya zabura, ga 'ya mace wajen shekara 12, ga ɗa namiji wajen shekara 14, kuma yakan jinkirta ga yaran da abinci bai wadace su ba. Bayan 'yan shekaru kaɗan sai faifan ya ƙafe ya haɗe da sauran ƙashi, ƙofar tsawo ta rufe, rufewar da babu abinci ko magani ko riyala da za ta sake buɗe ta.

Iyakar da mutum zai iya kaiwa gado ne daga iyaye da kakanni. Amma ko zai kai ga wannan iyaka ko zai tsaya a hanya, wannan yana hannun abinci da lafiya, musamman tun daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Game da motsa jiki kuwa, abin da masana girman yara suka tafi a kai shi ne ba ya ƙara wa yaro mai ƙoshin lafiya tsawo a kan abin da aka rubuta masa, ba ya kuma rage masa. Uban da ya tura ɗansa ƙwallon kwando domin ya yi tsawo ya juya al'amari ne, gama wasan ne yake tsince dogaye, ba shi yake miƙar da su ba; haka nan 'yan matan nan masu wasan alkafura da ake gani a gasar Olamfik, gajarta ce ta kai su ga wasan, ba wasan ne ya gajarce su ba. Togaciya ɗaya da ta cancanci a ambata ta fito ne daga ƙasar Gwatemala, inda likitoci biyu, Benjamin Torun da Fernando Viteri, suka raba ƙananan yara masu farfaɗowa daga tamowa gida biyu, suka ba su abinci iri ɗaya, suka bar kashi ɗaya a kan zaman jinya da aka saba, suka shigar da ɗaya kashin cikin wasannin gudu da hawa da tsalle, bayan mako shida sai aka tarar masu wasan sun fi ƙara tsawo da tsoka. Abin lura a nan shi ne abinci ya riga ya wadata kafin wasa ya nuna fa'idarsa.

To, in motsi ba ya ƙara tsawo, mene ne aikinsa? Aikinsa babba ne, kuma ya fi bayyana a wurin da ido ba ya gani, watau cikin ƙashi. Tun shekarar 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi abu ne mai rai, wanda yake sake ginin kansa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ya yi kauri inda ake dannarsa, ya zaizaye inda aka bar shi ba aiki. Hujja mafi kyau a kan wannan ta zo daga ƙasar Finlan a 1995, sa'ad da aka auna hannuwan mata 'yan wasan tanis, aka gwada hannun da ke riƙe da abin buga ƙwallo da ɗaya hannun. Ga mutum ɗaya, jini ɗaya, abinci ɗaya, gado ɗaya, amma ƙashin hannun wasa ya fi na ɗan'uwansa cika a fili. Abin da ya fi ban mamaki kuma, matan da suka fara wasan kafin su fara haila, ko daidai lokacin, ratar da ke tsakanin hannuwansu ta ninka sau biyu zuwa huɗu a kan ta waɗanda suka fara bayan sun haura shekara 15 da balaga. Ma'anar wannan ita ce ƙashi yana da lokacin da yake karɓar tarbiyya, kuma lokacin nan shi ne daidai shekarun da yaro yake zaune a kan bencin makaranta.

Masana Jami'ar Saskacewan ta ƙasar Kanada sun bi wasu yara shekara shida suna auna ƙasusuwansu, suka bayyana sakamako a 1999: kimanin kashi 26 cikin 100 na dukan ma'adinin da ke cikin ƙashin baligi ana tara shi ne cikin shekara biyu kacal na tsakiyar balaga, kuma yara masu yawan motsi sun fito daga wannan zango da ƙashin da ya fi na marasa motsi cika da kashi 9 ga maza, da kashi 17 ga mata. Tsawo yakan riga cikar ƙashi zabura da 'yan watanni, shi ya sa karayar tsintsiyar hannu take yawaita a waɗannan shekaru. Ba kuwa wani dogon horo ake bukata ba. A jihar Oregon ta Amurka an sa yaran firamare su riƙa dirowa daga kan akwati mai tsayin santimita 61, sau 100 a zama ɗaya, kwana uku a mako, har wata bakwai, sai ƙashin ƙugunsu ya fi na takwarorinsu ƙaruwa da kashi huɗu da rabi, na gadon bayansu da kashi uku. Abin da ƙashi yake so shi ne dira da zabura da juyawa ba zato, ba tafiya mai salo ɗaya ba. Wanda ya fahimci wannan, in ya ga samari suna langa a dandali, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana dira a kan ɗaya, ko ya ga 'yan mata suna gaɗa, ana cilla yarinya sama tana sauka a kan dugaduganta, lalle zai san kakanninmu sun bar wa yara gadon da ya fi akwatin Oregon daɗi, kuma ba ya cin ko kwabo. Ni a ganina, barin waɗannan wasanni su mutu hasara ce ta lafiya kafin ta zama hasara ta al'ada.

Bayan ƙashi sai zuciya da huhu, kuma a nan babu misalin da ya kai na Nandi, wani yanki mai tsaunuka a yammacin ƙasar Kenya, kusa da garin Eldoret, wanda tudunsa ya kai wajen mita 2,000 bisa teku, inda aka haifi Kipchoge Keino, wanda ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, da Eliud Kipchoge, gwarzon gudun dogon zango na zamaninmu. Saboda shaharar 'yan gudun wannan ƙasa, masana suka yi ta kai da komowa suna auna yaranta, sai bincikensu ya zama madubi ga mas'alarmu. A 2004 Henrik Larsen da abokan aikinsa daga ƙasar Denmak suka gwada samarin Nandi mazauna gari da 'yan'uwansu mazauna ƙauye, ƙabila ɗaya, tsara ɗaya, suka tarar ƙarfin jikin ɗan ƙauye wajen jan iska da sarrafa ta cikin gudu ya fi na ɗan gari da kimanin kashi ɗaya cikin goma. A 2013 kuma Robert Ojiambo na Jami'ar Moi da abokansa suka rataya wa wasu 'yan makarantar ƙauyen Nandi na'urori, suka ga cewa yaro yakan ci kimanin kilomita bakwai da rabi a kullum tsakanin gida da makaranta, yakan kuma shafe fiye da awa biyu cikin motsi mai sa bugun zuciya, watau ya ninka awa ɗayar da likitoci suke nema.

Sai dai ma'aunin da ya shaidi juriyar yaran nan shi ne kuma ya shaidi ramarsu, gama nauyinsu ya gaza abin da ya kamaci tsawonsu da shekarunsu. A nan ne fa ya wajaba mai karatu ya tsaya ya yi tunani, kada sha'awar gudu ta rufe masa ido. Abinci shi ne tubali, motsi shi ne magini. Magini komai gwanintarsa yana iya daidaita katanga ya ƙarfafa ta, amma ba ya ɗaga ta sama da adadin tubalin da aka kawo masa, in kuwa aka yi ta aikensa wasu wurare da tubalin a ka, sai ginin ya tsaya. Abin da yaro ya ci a yini ana raba shi ne tsakanin masu haƙƙi da yawa: numfashi da bugun zuciya su karɓi nasu, yaƙi da cuta ya karɓi nasa, tafiya da aiki su karɓi nasu, girma kuwa shi ne na ƙarshe a layi, abin da ya saura shi yake samu. An ga zahirin wannan a cikin yaran ƙabilar Shuwar na dajin Amazon a ƙasar Ekwado, inda Samuel Urlacher ya riƙa auna ƙwaurinsu mako-mako, ya tarar duk makon da jikin yaro yake fama da wata cuta, ko da ba ta kwantar da shi ba, miƙewar ƙafarsa takan ragu ƙwarai. To, a ƙiyasta wannan da yaron da ke ɗauke da tsutsar ciki, ga tsargiya da ya kwaso a kududdufi, ga zazzaɓin cizon sauro kowace damina, sa'an nan ya tafi makaranta da sanyin safiya ba abin da ya shiga cikinsa sai guntun ɗumame ko kofin koko.

Alƙaluman duniya sun tafi a kan haka. A 2023 mujallar Nature ta buga wani gagarumin bincike wanda ya tattara awon yara da matasa miliyan 71, 'yan shekara 5 zuwa 19, daga ƙasashe 200, tsakanin 1990 da 2020. A farkon wannan zango 'yan birni sun fi 'yan ƙauye tsawo kusan ko'ina in ban da 'yan ƙasashe masu arziki. Zuwa ƙarshensa ratar ta tsuke a yawancin duniya, domin ƙauyuka sun sami ruwa mai tsabta da asibiti da abinci, amma a mafi yawan ƙasashen Afirka kudu da Sahara ratar samari ƙara buɗewa ta yi, saboda ɗan ƙauye ya tsaya inda yake, a wasu wurare ma ya koma baya. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 27 a birane, kashi 45 a karkara, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Waɗannan yara ba su isa noma ko kiwo ba balle a ce aiki ne ya danne su; da gibinsu suke shiga aji ɗaya, aikin da ke jiransu a gaba sai dai ya hana su cike shi.

Wajibi ne kuma a bambanta wasa da ƙwadago, ko da yake dukansu gumi ake yi. Yaro mai wasa shi ke da linzamin kansa: ya zabura, ya gaji, ya zauna a inuwa, ya sake tashi, kuma kowace gaɓa tana samun rabonta. Yaron da aka ba fartanya tun hantsi har azahar, ko yarinyar da take jigilar jarka mai lita 20 a ka daga rijiya, ta dawo ta kama surfe da daka, ba su da ikon tsayawa sa'ad da jiki ya nemi hutu, nauyin kuma a wuri ɗaya yake sauka kullum, a wuya da gadon baya. Mafi tsananin aikin gona yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Masana cibiyar nazarin abinci ta Haidarabad a ƙasar Indiya sun bi yaran ƙauye tun suna ƙanana har suka girma, suka bayyana a 1986 cewa waɗanda aka sa ƙwadago sun tashi ba su kai 'yan makaranta tsawo da nauyi ba. Ba ina nufin a hana yaro taimakon iyayensa ba, domin aiki gwargwadon ƙarfi tarbiyya ce, kuma gidan manomi ba ya tsayuwa sai da hannun 'ya'yansa. Abin da nake nufi shi ne jikin yaro amana ne, kuma wanda ya ƙara masa aiki ya ƙara masa akushi.

Ko ƙashin nan da muka ce motsi yana ƙarfafa shi, sai da ma'adini. A Jos, inda rana ba ta yanke wa yara ba kuma ba su rasa wurin guje-guje ba, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun bincika yara masu lanƙwasassun ƙafafu, suka bayyana a 1999 cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a cikin abinci shi ne babbar illar, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Abincin da ya dogara ga masara da dawa, ba nono, ba ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, ba ya ba ƙashi abin da zai cika da shi. Abin baƙin ciki ne a ce gidan da ake tatsar nono da asuba shi ne gidan da za a kai shi kasuwa duka, yaran gida su kwana ba su kurɓa ba.

Ɗan birni kuwa ciwonsa daban ne, kuma ya fi ɓoyuwa, domin ya zo cikin rigar jin daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta nemi kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami a ƙalla minti 60 a kullum na motsi mai sa haki, tare da wasannin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana uku a mako. Alhali binciken da masananta suka yi a kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146 ya nuna cewa a 2016 kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba su cika wannan awa ɗaya ba, 'yan mata kashi 85, samari kashi 78. Ba sai an je nesa neman dalili ba. Ana ɗaukar yaro a adaidaita sahu daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, makarantar kuwa sau da yawa gidan haya ne da aka yanka ɗakunansa aka mai da su azuzuwa, tsakar gidansa siminti, ba ta isa a yi ko 'yar tsere ba. A tashi a wuce lesin, daga lesin a wuce Islamiyya, a dawo bayan magariba a zauna gaban talabijin ko waya har dare ya raba, a ci daga cikin barcin nan da sinadarin girma yake jira. Filayen unguwa an yanka su filoti-filoti, lungu ya zama hanyar babura, iyaye kuma suna da uzuri in sun ji tsoron sakin 'ya'yansu. Yarinya ta fi kowa cutuwa, gama da zarar ta fara zama budurwa sai a ce gudu bai kamace ta ba, a daidai shekaru biyun nan da ƙashinta yake tara abin da zai ɗauke ta cikin haihuwa da shayarwa da tsufa. Malamanmu na da ba su jahilci wannan ba: Imamu Gazali a cikin Ihya'u, a fasalin tarbiyyar yara, ya yi wasiyya da a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga karatu, ya kuma yi gargaɗi da cewa hana shi yana dushe basirarsa. Makarantar da take alfahari da cewa ɗalibanta ba su da lokacin wasa, ba da abin alfahari take alfahari ba.

Game da ƙiba, kada a ɗora wa zama laifin duka. A cikin Shuwar ɗin nan, binciken 2021 ya nuna yaran da ke zaune a gefen gari sun fi na cikin daji kitse da kashi 65 cikin 100, alhali ƙarfin da jikunansu suke ƙonawa a yini kusan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne abincin kasuwa. Lemon kwalba da biskit da taliyar leda suna zuba abin da awa ɗaya ta ƙwallo ba za ta kwashe ba. Kada kuma a ɗauka duk ɗan birni ƙosasshe ne, domin yarinyar da ke yawon talla a tasha da almajirin da ke zaga unguwanni da ƙoƙo sun haɗa tafiyar ɗan ƙauye da yunwarsa, suka ƙara da hayaƙin motoci.

Saboda haka kuskure ne hukumar ilmi ta rubuta wa makarantun birni da na ƙauye magani ɗaya. Yaron da ya yi tafiyar awa guda kafin ya iso aji, ba zagaya fili a cikin rana yake bukata ba. Bukatarsa abinci ne mai wake ko gyaɗa ko ƙwai ko nono da hantsi, da maganin tsutsar ciki a kan kari, da rijiya kusa da gida wadda za ta sauke wa ƙanwarsa jarka, sa'an nan a bar masa wasanninsa na tsalle da kokawa, waɗanda suke ba ƙashi abin da doguwar tafiya ba ta bayarwa. Irin shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016 a nan ya fi amfani, muddin abincin yana isa bakin yaro kowace ranar karatu, ba yau da akwai gobe babu ba. Makarantar birni kuwa bai kamata a ba ta izinin buɗewa ba sai ta nuna fili, nata ko na haɗin gwiwa da maƙwabtanta, kuma lokacin tara ya zama haƙƙin yaro wanda malami ba zai cinye shi da ƙarin darasi ko horo ba, a keɓe wa 'yan mata wurinsu da malamarsu inda za su yi tsallen igiya da gaɗa cikin sutura da natsuwa. A makarantun biyu duka, sikeli ɗaya da ma'aunin tsawo da aka zana a jikin bango sun isa malami ya auna kowane yaro a farkon zango, ya rubuta a littafi kusa da sakamakon jarrabawarsa, domin in shekara ta zagayo aka ga ɗan shekara takwas bai ƙara kamar santimita biyar ba, a kira mahaifinsa a tura su asibiti tun faifan guringuntsi yana buɗe.